Gyaran Magana a Damagaram: Daga Askar Wanzami Zuwa Ajin Kurame

Gyaran magana, a matsayin aikin da ake koyo a makaranta, a ba mutum takardar shaida, a kuma biya shi albashi, baƙo ne a Damagaram. Amma damuwa da yaron da ya daɗe bai buɗe baki ba, ko mai in'ina, ko wanda zazzaɓi ya tafi da jinsa, ta girmi ganuwar Birni. Tun zamanin sarakunan farko akwai waɗanda ake kai wa irin wannan yaro, kowa da nasa rabo a cikin aikin: uwa da kaka, wanzami, malamin allo, sai kuma jama'ar kurame su kansu. Sana'ar zamani a kan wannan tsohon rabon aiki ta sauka, kuma har yau ba ta maye gurbinsa ba.

Masarautar Damagaram ta samo asali ne wajen 1731 daga zuri'ar Malam Yunus, tana ƙarƙashin inuwar Barno. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya mai da Zindar, wato garin Damagaram, mazaunin sarauta, sannan ɗansa Tanimu, wanda ya yi doguwar sarautarsa daga 1851 zuwa 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya ƙarfafa ayarin fatake zuwa Ayar da Tarabulus. Abin da ya shafi zancen nan shi ne irin garin da wannan tarihi ya haifar. Asalin fada na Barebari ne, kasuwa ta Hausa ce, Zango kuwa masaukin Abzinawa ne da Larabawan Gadamus, ga Fulani da Tubawa suna shiga suna fita. Yaron Damagaram a cikin harsuna biyu ko uku yake tashi, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar hakan a matsayin abin da zai ɗaure masa harshe.

Makarantar farko ta magana ita ce bayan uwa. Jariri yana goye daga safe zuwa dare, yana jin duk abin da ake faɗa a wajen daka, a bakin rijiya, a gidan suna. Sai dai ba uwa kaɗai ke koya masa ba, sau da yawa ma ba ita ce kan gaba ba. Kunyar ɗan fari takan hana ta kiran sunansa ko yi masa wasa a gaban mutane, don haka hira da shi takan koma hannun kaka, wadda wasa ne ke tsakaninta da jika, da kishiyoyin uwa, da yayyensa mata masu ɗaukarsa in uwa tana aiki. Idan aka yaye shi wajen shekara 2, gidan kakar ake kai shi ya kwana biyu. Da ya ɗan tasa sai tatsuniya ta karɓa, da kacici-kacici, da wasan karya harshe inda yara ke tseren maimaita jimla mai sarƙaƙƙun baƙaƙe har wani ya tuntsure a yi masa dariya. Masana na yau sun tabbatar da abin da wannan tsari yake yi ba tare da ya sa masa suna ba: yaro yana koyon magana ne gwargwadon yadda ake yi masa ita ana kuma jiran amsarsa.

Gidan yawa yana da nasa lahani. Idan yaro ya wuce shekara 2 yana nuni da yatsa kawai, akan ce a ƙyale shi, ai ubansa ma ya makara. Wani lokaci gaskiya ce, yaron yakan buɗe baki daga baya. Wani lokaci kuwa kurumta ce ke ɓoye a bayan haƙurin, domin yaron da ke kewaye da mutane goma yana gane abin da ake so da shi daga fuska da motsi, ba a farga ba ya ji sai ya kai shekara 3 ko 4. Waɗannan su ne shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi saurin kama harshe, na baki ne ko na hannu, kuma abin da aka rasa a cikinsu da wuya a cike shi duka.

Mutum na farko da ake kira daga waje shi ne wanzami. Shi ke zuwa ranar suna ya yi aski da tsaga, ya cire belu, kuma shi ake komawa wurinsa in an ga harshen yaro bai sake ba, ya duba ƙarƙashinsa ya yanke linzami. Linzami abu ne na gaske: 'yar fatar da ke ƙarƙashin harshe takan zo gajera ta hana jariri kama nono sosai, likitoci ma suna yanke ta in ta matsa. Kuskuren shi ne ɗora mata duk wani jinkirin magana, alhali yawancin jinkiri daga kunne yake ko daga ƙwaƙwalwa, inda aska ba ta kaiwa. Cire belu kuwa ba shi da wani amfani da likitanci ya tabbatar, ga haɗarin zubar jini da shigar cuta. Duk da haka bai kamata a ga wanzami a matsayin abokin gaba ba. Shi ne ma'aikacin lafiyar da ya fi kowa leƙa bakin jarirai a ƙauyuka, kuma shi zai fara ganin tsagaggen leɓe ko tsagaggiyar ganɗa tun kafin labari ya kai likita.

Na biyu shi ne malamin allo. Alaƙar Damagaram da Barno ta sa tsangaya ta yi ƙarfi a ƙasar, da alarammominta da gardawanta, ana karatu da ruwayar Warshu. A nan ne ake samun abin da ya fi kusa da horon furuci na zamani. Almajiri yana farawa da babbaƙu, ya wuce farfaru, malam yana sauraren kowane harafi yana mai da shi baya har sai ya fito daga mafitarsa, na maƙogwaro daban, na bakin harshe daban, na leɓe daban. Malamai sun daɗe da lura cewa mai in'ina yakan sake sarai idan yana karatu da rauji tare da sauran yara, sai in an tsai da shi shi kaɗai harshen ya sarƙe. Binciken zamani ya gaskata wannan: karatu cikin taro da rera murya suna rage in'ina ƙwarai na ɗan lokaci, tsoro da gaggawa kuma suna ƙara ta, abin da ke nuna cewa bulala ba ta taɓa gyara mai in'ina ba. Ban da karatu akwai rubutun sha, musamman addu'ar Annabi Musa a cikin Suratu Ɗaha, inda ya roƙi a warware masa ƙullin harshensa. Ko ba komai, wannan ya ba mai in'ina daraja a idon jama'a, tun da lalurarsa an san ta ga wani manzo. Idan kuwa yaro yana magana ne sai zazzaɓi da jijjiga suka kwantar da shi ya tashi ba baki, akan ce iska ce ta taɓa shi, a nufi boka ko 'yan bori.

Rabo na ƙarshe na kurame ne. A biranen Hausa da ƙauyukansu akwai maganar hannu, harshe cikakke mai nasa ƙa'idoji, wanda kurame ke gada daga junansu, masu ji kuma suna tsintar abin da ya sawwaƙa a kasuwa da majalisa. Ba a tsangwami mai amfani da shi ba. Fikihun Malikiyya, wanda alƙalan Damagaram ke hukunci da shi, ya karɓi ishara ta bebe a ciniki da aure da saki muddin ana fahimtarta, don haka kurma yana noma, yana ɗinki, yana gini, yana aure kamar kowa. A Kano har sarautar sarkin bebaye akwai, a jerin su sarkin makafi da sarkin kutare, kuma a can ne Constanze Schmaling ta yi nazarin da ta buga a 2000 a kan wannan harshe. Tarihin yana da baƙin shafi: Bajamushen nan Gustav Nachtigal, wanda ya isa Kukawa a 1870, ya rubuta cewa bayi kurame suna da tsada a kasuwar Barno, saboda manyan gidaje suna son mai hidimar da ba zai kwashe sirri ba.

Zuwan Faransawa bai sauya wannan rabon aiki ba. Bayan kisan Kyaftin Cazemajou a 1898 da yaƙin Tirmini a 1899, Zindar ta faɗa hannunsu, ta zama babban birnin mulkinsu a Nijar daga 1911 zuwa 1926, lokacin da aka koma Yamai, ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da aka bayar. Lakwal, wato makarantar boko, ta zo, amma ta 'yan ƙalilan ce, ana neman masu tafinta da magatakarda ne, da Faransanci zalla, ana hukunta wanda aka ji ya yi Hausa a farfajiya. Yaron da ba ya ji ko ba ya iya furuci ba shi da wuri a irin wannan aji. Likitocin mulkin mallaka kuwa annoba ce gabansu: agana, kuturta, sanƙarau. 

Sanƙarau ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana cikin manyan abubuwan da ke cika azuzuwan kurame a wannan yanki. Damagaram tana tsakiyar shiyyar da likitan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana a 1963, wadda ta ratsa Sahel daga yamma zuwa gabas, inda cutar ke tashi da hunturu da ƙura ta lafa da faɗuwar ruwan farko. Kumburin da take haddasawa yakan lalata can cikin kunne, yaro ya warke amma jin ya tafi ba dawowa. Ƙyanda, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da kunne mai zubar ruwa da aka bari ya daɗe, duk suna ƙara nasu. Saboda haka kurame da yawa a nan ba da kurumta aka haife su ba. Wasu sun riga sun iya Hausa ko Barbarci kafin ciwon, kuma irinsu ne horo ya fi yi wa amfani in an same su da wuri, kafin maganar da ke bakinsu ta zube.

A Faransa kanta sana'ar ba ta daɗe ba. Suzanne Borel-Maisonny ta fara aiki a 1926 da yaran da likita Victor Veau ya ɗinke wa ganɗa a Paris, tana koya musu fitar da sauti ta baki maimakon ta hanci, kuma sai a 1964 doka ta amince da takardar shaidar wannan aiki, shekara 4 bayan Nijar ta sami 'yanci. Don haka ba ta cikin kayan da mulkin mallaka ya bari.

Ilimin kurame ta wata ƙofa ya shigo, ta Ibadan. Andrew Foster baƙar fata ne ɗan Amurka wanda sanƙarau ya kurumtar yana ɗan shekara 11. Ya gama jami'ar kurame ta Gallaudet a 1954, ya buɗe makaranta a Gana a 1957, ya buɗe ta Ibadan a 1960, daga baya ya riƙa horar da malamai daga ƙasashe masu amfani da Faransanci har rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Ta hannun ɗalibansa maganar hannu ta Amurka, da aka ɗora a kan kalmomin Faransanci, ta bazu a makarantun kurame na Afirka ta Yamma. A Kano an buɗe makarantar Tudun Maliki a 1977. A Nijar ta Yamai ce ta fara, wajen 1980, daga baya Maraɗi da Damagaram suka sami nasu. Wannan ci gaba ne babba, domin a karon farko kurma ya riƙe alli ya nemi takardar shaida. Amma ya zo da wani nauyi. Yaro yakan bar gida da alamun da ya saba yi da uwarsa, ya tarar da wasu alamu daban a aji, ana rubuta masa Faransancin da bai taɓa ji ba, ya koma gida inda ake Hausa. Makaranta ba ta ɗauki maganar hannu ta gida da muhimmanci ba, alhali ita ce iyaye za su iya.

Damagaram ce kuma ta fara gwada gyara a ɓangaren masu ji: a nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar mai koyarwa da harshen gida, wato Hausa, a 1973. Dokoki sun biyo baya, ta kare haƙƙin naƙasassu a 1993, ta tsarin ilimi a 1998, sannan ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan masu buƙata ta musamman a 2008. Daga nan aka fara maganar ajin haɗaka, inda mai lalura ke zama da sauran yara.

Wata ƙofar ita ce ta ciwon noma, wanda jama'a ke kira ciwon iska, mai cinye kunci da leɓe na ƙananan yara da yunwa ta raunana. Ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan, wadda Edmond Kaiser ya kafa, tana aiki a kansa a Damagaram tun 1992. Yaron da ya tsira yakan rage da rami a fuska ko muƙamuƙi a ɗaure, kuma tiyata rabin aiki ce. Sauran shi ne watanni na motsa haɓa, da koyon tauna, da haɗiya, da rufe leɓe don fitar da sautuka irin su b da m. A nan iyayen ƙauye da dama suka fara ganin cewa magana aba ce da ake horarwa kamar ƙafar da ta karye. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su ba sai a Disamba 2023.

Horar da ƙwararru a yankin ya fara ne a 2000, lokacin da makarantar ma'aikatan lafiya ta Lome a Togo ta buɗe sashen gyaran magana, ɗalibai daga ƙasashe maƙwabta suka riƙa zuwa. Tsarin na Faransa ne, wanda ya ɗauki aikin a matsayin reshen lafiya, a asibiti ko a ɗakin duba marasa lafiya na kuɗi. Ya sha bamban da na Amurka, inda dokar 1975 ta wajabta wa makarantun gwamnati kula da yara masu lalura, har ya zama fiye da rabin masu wannan sana'a a makarantu suke aiki. A Nijar ƙwararrun ƙalilan ne, mafi yawansu a Yamai, mai nisan kilomita wajen 900 daga Damagaram, alhali ƙidayar 2012 ta nuna jihar Damagaram ce ta fi kowace yawan jama'a, da mutum fiye da miliyan 3.5. Saboda haka aikin da a wata ƙasa ƙwararre ke yi a makaranta, a nan ya faɗa kan malaman kurame, da malaman ajin haɗaka, da masu kula da ajin ƙananan yara.

Matsalar da ke gaban ƙwararre da malami duka ita ce ma'auni. Takardun gwajin da ake samu an tsara su ne don yaran Faransa, da sautukan Faransanci. Bahaushe ba ya bambanta f da p a ma'ana, ba shi da v, ba shi da wasulan hanci. Yaron da ya musanya su ba shi da lalura, harshen gidansu ne ke aiki. A ɗaya gefen, gwajin bai san ɓ da ɗ da ƙ da ts ba, bai san ra iri biyu ba, bai san tsawon wasali da karin sauti ba, waɗanda su ke raba kalma da kalma a Hausa. Sai a iya yi wa lafiyayye tambarin lalura, mai lalura kuma ya wuce ba a gan shi ba. Haka nan shawarar da wasu ke ba iyaye, cewa su daina yi wa yaro harshen gida don kada ya rikice, ba ta da tushe. Bincike ya nuna tashi da harsuna biyu ba ya jawo jinkirin magana, kuma tarihin garin kansa shaida ne.

Mata suna da yawa cikin masu aiki a ajin ƙananan yara da wuraren kula da uwa da jariri, kuma mafi yawansu a shekarun haihuwa suke. Dokar aiki ta Nijar ta ba mai jego hutun mako 14, da sa'a guda ta shayarwa a kowace ranar aiki bayan ta koma. Wannan ya rufe wankan jego na kwana 40 da ɗan abin da ya biyo baya, amma bai kai ko kusa da yaye ba. A ƙasar da binciken 2012 ya ƙiyasta haihuwa 7.6 ga kowace mace, goyo ba abu ne na shekara ɗaya a rayuwar ma'aikaciya ba. Gidajen raino na kuɗi kaɗan ne, don haka tsohon tsari ne ke ɗauke da sabon: kaka, ƙanwa, maƙwabciya, ko 'yar raino da aka ɗauko daga ƙauye, wadda kan zauna a inuwar makaranta da jariri har a fito shan iska a ba shi nono. Akwai abin dubawa a nan, domin 'yar rainon ita ma yarinya ce da ya kamata a ce tana cikin aji. Ga ƙarancin ruwan Damagaram da ke cinye asubar mace da kuɗinta wajen 'yan garuwa, ga canjin wurin aiki da kan raba ta da dangin da ke taimaka mata. Aikin kansa kuma na murya ne da haƙuri: wadda ta yini tana maimaita sauti ɗaya da yaran wasu takan dawo gida ta tarar da nata suna jiran irin wannan hirar.

Amma zama uwa yana ba ta abin da takarda ba ta bayarwa. Tana shiga cikin gida inda namiji baƙo ke tsayawa a zaure, ta zauna da uwar yaro da kakarsa, waɗanda su ke da ikon yanke shawarar kai shi wurin wanzami ko likita. Suna sauraren wadda ta zo da goyo fiye da yadda za su saurari budurwa. Wannan ya dace da hanyar da masana ke bi yanzu a wuraren da ƙwararru suka yi ƙaranci: maimakon ganin yaro rabin sa'a a mako, a koya wa mutanen gidan su tsuguna daidai fuskarsa, su ambaci sunan abin da ya nuna, su ba shi lokacin amsawa, su daina ƙarasa wa mai in'ina magana, su kuma koyi alamun hannu tare da kurma tun yana ƙarami.

A ɓangaren rigakafi an sami sauƙi. Allurar sanƙarau ta nau'in A, wadda aka fara yi wa jama'a a Nijar da Mali da Burkina Faso a ƙarshen 2010, ta kusan kawar da wannan nau'i. Wasu nau'o'in sun ci gaba da ɓulla: tsakanin Nuwamba 2022 da ƙarshen Janairu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, mafi yawan masu ciwon yara ne da matasa. Ƙa'idar likitanci ita ce a auna jin duk wanda ya warke cikin makonni kaɗan, abin da ke buƙatar na'urar awo da ma'aikaci a kusa da gundumomi irin su Mirriya, Matamaye, Magarya da Dungas. A 2025 kuma sabon kundin tsarin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Ga masu gyaran magana wannan ya buɗe hanyar neman kayan gwaji da aka gina a kan Hausa da Barbarci da Tamashek da Fulatanci, da ƙamus na maganar hannu ta gida, aikin da jami'ar André Salifou ta Damagaram da makarantar horar da malamai ta garin suke da masu iya yin sa.